Jiki a Chadi, Hankali a Kaduna

Sai da muka tsallake gadar Gamboru muka shiga ƙasar Kamaru sannan na yarda cewa da gaske na bar gida. Tun daga Kano har Maiduguri gani nake kamar taron zumuntar mata zan je in dawo. Amma da na ji ɗan sanda ya yi mini tambaya da Faransanci, ban gane ko kalma ɗaya ba, sai na san lallai na yi nisa.

Sunana Rifkatu, 'yar Wusasa ce ni. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kano, muna zaune da mijina Habila a ɗakunan baya na gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA. Mulkin farar hula bai cika shekara da dawowa ba, ko'ina ka zauna zancen Shari'a ake yi, a tasi, a kasuwa, a bakin majami'a. A cikin wannan hali ne aka yi sanarwa a majami'armu cewa wata makarantar yara a wani ƙauye cikin duwatsun Chadi ta rasa malami, ana neman masu zuwa su riƙe ta zango ɗaya. Na ɗaga hannu. Habila akawu ne, fitar safe dawowar yamma, don haka na kai 'yarmu Murna, mai shekara huɗu, wurin mahaifiyata a Kaduna.

Mu biyu aka tura. Ɗayan shi ne Baba Ishaya, tsohon hedimasta da ya yi ritaya a Kaduna, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu cikin duniya. Dogo ne siriri, ba ya rabuwa da hular sanyi ko ana zafin da zai dafa ƙwai. Kayanmu kwalaye ne cike da alluna, alli, littattafan karatu da 'yan magunguna, duk gudummawar jama'a.

A Kusiri, garin da ke bakin kogi kafin a shiga Njamena, wani mutum ya tare mu a tasha. Kaftaninsa fari tas, Hausarsa kamar ta Bakano. Ya durƙusa ya gai da Baba.

"Rabaran, sannunku da hanya. Kada ku kuskura ku bi gada da kwalayen nan. Ma'aikatan kwastan na ganin littafi za su riƙe, sai ku yi wata kuna zarya. Ku bar mini, in zagaya da su ta ƙofar da muka sani, ku jira ni a gindin bishiyar can."

Baba ya ce, "Ni ba Rabaran ba ne, ɗana, malamin makaranta ne."

"Ai duk aikin Allah ne," in ji mutumin, ya kira mai amalanke aka loda.

Muka zauna a gindin bishiya. Inuwa ta bar mu muka bi ta, ta sake barin mu muka sake bi. Wata mata mai sayar da shayi tana ta kallonmu tun hantsi. Da la'asar ta sakko sai ta taso da kofi biyu, ta ce da gurɓatacciyar Hausa, "Mai farin riga ba ya dawo. Ku sha." Ta ƙi karɓar komai.

Ni dai hawaye ne suka zubo mini cikin shayin. Ina tuna wata tsohuwa a majami'armu da ta sayar da kajinta ta sayi alli. Baba kuwa sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake.

"Baba, me ya yi daɗi?"

"'Yata, mun zo koyarwa, ga shi tun a bakin ƙofa an fara koya mana. Sha shayinki kada ya huce."

Njamena ban riƙe komai nata ba sai sojoji da zafi da ɗakin baƙi na wata majami'a inda muka huta. Daga nan muka hau bayan wata babbar mota, a kan buhunan gishiri, muka nufi gabas. Ban taɓa sanin ƙasa tana da faɗi haka ba. Kowane shinge a sauko da mu, a juya takardunmu sama da ƙasa, a ce mu 'yan Najeriya me ya kawo mu. Motar ta lalace a wani fili da babu ko bukka. Leɓuna suka tsage, ƙafafun Baba suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Wata Balarabiyar daji da muke tare da ita ta ciro gora ta miƙa mini nono mai tsami, ta yi mini nuni in ba tsohon tukuna. Har muka rabu ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba.

Ƙauyen yana gindin wani dutse baƙi, tafiyar rabin yini daga garin Mongo. Fasto Musa, limamin 'yar majami'ar ƙauyen, shi ya tarbe mu. Ya taɓa yin fatauci yana saurayi, don haka yana jin Hausa kaɗan. Ya leƙa bayanmu yana neman kaya, muka gaya masa abin da ya faru. Ya ce, "Ku kun iso. Kwali ba ya magana, malami yana magana."

Makarantar zana ce aka kewaye a ƙarƙashin wata tsamiya. Yaran sun fi ƙarfin inuwar, 'ya'yan Kirista da na Musulmi da na masu bin addinin gargajiya na dutse, duk a zaune a ƙasa. Ba sa jin Hausa, ba sa jin Turanci. Suna da yarensu, sai kuma Larabcin Chadi da ake ciniki da shi. Baba ya san Faransanci kaɗan, ya ɗauki manya. Ni aka bar mini ƙanana da lissafi. Ranar farko na tsaya a gabansu kamar gunki. Na yi gaisuwa, suka yi shiru. Na yi murmushi, wani ya fashe da kuka.

Da babu allo sai muka koma ƙasa. Kowane yaro ya share gabansa da tafin hannu, ya samo tsinke. Ƙwallon tsamiya ya zama abin ƙidaya. In iska ta taso sai ta tafi da darasin gaba ɗaya, mu sake daga farko.

Wadda ta buɗe mini baki wata yarinya ce, Zenaba, 'yar kimanin shekara tara, kullum da ƙaninta goye a baya. Ba a sa ta makaranta ba, tsayawa take a jikin zana tana leƙe. Wata rana ina fama in ce wa yara su wanke hannu, na ɗaga guntun sabulun da na zo da shi na ce, "Sabulu."

Daga bayan zana aka ce, "Sabun!"

Na juya. Na ɗaga birona na ce, "Alƙalami."

Ta ce, "Galam!" Ta kwashe da dariya har goyonta ya farka.

Na ja hannunta na zaunar da ita a gaba. Daga ranar kullum sai mun yi farautar kalmomin da Hausa da Larabcinsu suka yi tarayya. Idan na yi kuskure ba ta raga mini, takan riƙe haɓata ta juyo fuskata ta maimaita kalmar har sai na faɗa daidai. Mahaifiyarta ta zo sau ɗaya da faɗa, ta tarar da Zenaba tana rubuta lambobi a ƙasa da goyonta a baya, ta tsaya ta kalla, ta juya ta tafi. Washegari ta aiko mini da ƙwai.

Amma kewar gida ta ci ni. Tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa safe da yamma, ruwa kuwa sai an hau dutse an kwarfo. Ina kwance da rana sai in riƙa bin titunan Nassarawa a zuciyata, in wuce dogayen katangu da mangwaron da ya leƙo waje, in ji ƙarar famfon tsakar gidanmu, in ji muryar matar da take kawo waina daga Kawaji tana sallama a bakin get. Har kiran sallar masallacin layinmu, wanda nake ƙorafin yana tashin Murna, na yi kewarsa. Ran Lahadi nakan zauna a majami'a ana wa'azi da yaren da ba na ji, in ji kamar na baro Ubangiji a Kano. Sai ranar da aka yi Jibin Ubangiji. Babu burodi, babu ruwan inabi, wainar dawa ce da zoɓo a ƙoƙo. Wata tsohuwa makauniya da ke gefena ta sha, ta lalubo hannuna ta ɗora mini ƙoƙon, ta matse yatsuna. Ban ji kalma ɗaya ba a duk sujadar, amma ranar na daina ganin kaina baƙuwa a gidan Ubana.

Baba yana da ƙaramin rediyo da yake kunnawa kowace safiya kafin aji, mu ji sashen Hausa. Wata safiya ina wanke fuska na ji ya ƙara murya, sannan ya rage. Na leƙo.

"Baba, lafiya?"

"Zo ki zauna, 'yata."

Kaduna ce. An yi zanga-zanga kan maganar Shari'a, ta rikiɗe ta zama faɗa. Ana ƙone-ƙone, ana kashe-kashe. Mai labarai ya jero sunayen unguwanni, ta mahaifiyata tana ciki.

Ban san yadda aka yi na isa gindin tsamiya ba. Na tsuguna zan rubuta lamba a ƙasa, tsinken ya faɗi daga hannuna. Zenaba ta kwance goyonta ta ɗora mini shi a cinya, ta koma gefe ta zauna. Na rungume yaron nan na yi kukan da ban taɓa yi a gaban ɗalibai ba.

Babu wayar hannu a zamanin. Waya ɗaya ce a duk yankin, a gidan waya na Mongo, ita ma sai ta ga dama. Sai bayan 'yan kwanaki Fasto Musa ya ce akwai wani Bahaushe mai sayar da atamfa da yake zuwa cin kasuwar ƙauyen da ke kusa, in mun yi sauri za mu same shi kafin ya koma gari. Muka tafi a ƙafa, Baba ya zauna da yara.

Mutumin dattijo ne kakkaura, yana ɗaure kaya a bayan a-kori-kura. Fasto ya fara yi masa bayani da Larabci. Ni kuwa bakina ya riga ni, na ce, "Sannu da aiki, Alhaji."

Ya saki igiyar ya juyo. "Ikon Allah! Daga ina?"

"Daga Kano. Nassarawa."

"Ni ɗan Fagge ne. Sabo sunana. Rabon da in ji an gaishe ni da wannan harshe a dajin nan har na manta." Ya dubi ɗan gicciyen da ke wuyana, ya dubi idanuna da suka kumbura. "Kin ji rediyo ke nan."

"'Yata da mahaifiyata suna Kaduna."

Ya buɗe ƙofar mota. Ya ce, "Ɗana Nasiru yana karatu a can. Shiga gaba, Malama."

Muka kama hanya. Ni ina tunanin cewa watakila mutanensa ne suke bin mahaifiyata da adda, na kuma san shi ma yana tunanin watakila nawa ne suke bin ɗansa. Yana jan carbi da hannu ɗaya, ni ina addu'a a zuci. Can ya miƙo mini dabino ya ce, "Ci. Ba a jiran labari da yunwa."

Gidan wayar ɗaki ɗaya ne da benci. Layin Najeriya ya ƙi shiga ranar. Alhaji Sabo ya kai ni wurin matarsa na kwana, da safe muka koma kan bencin nan. Wajen azahar ma'aikacin ya ɗaga hannu ya ce layi ya samu, amma ba ya daɗewa, mutum ɗaya ya zo. Alhaji ne a gaba, shi ya san ma'aikacin, shi ya kawo ni. Ya ce, "Tashi, Malama. Taki ƙarama ce."

Na ba da lambar babban gidan da muke zaune a bayansa. Hajiya Binta, matar mai gidan, ita ta ɗauka.

"Hajiya, Rifkatu ce, daga Chadi."

"Maman Murna! Alhamdu lillahi! Kwantar da hankalinki, suna nan. Suna nan a falona yanzu haka."

Ta ce mahaifiyata ta goya Murna sun gudu barikin soja da kayan jikinsu. Da hanya ta ɗan lafa, Alhajinta ya ba Habila mota da direba, ya ce kada su dawo sai da su. Sannan ta ce, "Ga baban Murna, yana da saƙo."

Muryar Habila tana zuwa tana ɗaukewa. "Rifkatu, ki gaya wa Baba Ishaya, a hankali. Gidansa babu. Na bi ta layin da kaina, ko ƙofa ba ta rage ba." Na ji wata 'yar murya a bayansa tana cewa a ba ta, a ba ta. Kafin ta kai baki layin ya mutu.

Na fito ina dariya ina kuka. Alhaji Sabo ya miƙe ya ce, "Suna raye?" Na gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Ɗaya ta samu."

Da layi ya dawo da yamma ya kira gidan da ɗansa yake zaune. Ina jin ƙarar daga inda nake. Ta yi ta ƙara, ba wanda ya ɗauka. Ya sake, haka. Ya ajiye kan wayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya ce, "Watakila sun fita." Na rasa inda zan sa idona. Duk da haka shi ya nemo mini motar da ta mai da ni ƙauye.

Na sami Baba a gindin tsamiya yana gyara zana. Na fara ba shi labari mai daɗi, ya cire hularsa ya yi godiya ga Allah. Sannan na gaya masa sauran.

"Hoton Mama Laraba yana jikin bangon falo," ya ce. Matarsa ke nan. "Shi kaɗai ne da ni." Ya mai da hularsa. "Ki taya ni riƙe wannan zanar, iska za ta kayar."

Na so in tattara in koma gida a makon. Ba wanda zai zarge ni. Amma na san inda Murna take da hannun da take ciki, yaran nan kuwa in na tafi sai dai su koma kiwon awaki. Na zauna. Ban ce zama ne mai sauƙi ba, kullum da safe sai na yi faɗa da zuciyata kafin in fita.

Bayan 'yan makonni Fasto Musa ya dawo daga Mongo da labarin cewa an tabbatar wa Alhaji Sabo ɗansa ya rasu. A hanyar komawa masauki aka tare yaron. Na ce wa Baba ina tsoron zuwa gaisuwa, da wace fuska za mu shiga? Ya ce, "Da wadda Allah ya ba mu. Ɗauko mayafinki."

Mun tarar da shi a kan tabarma a ƙofar shago, mutane kewaye da shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Da aka ga shigarmu kowa ya zubo mana ido. Baba ya tuɓe takalmi ya durƙusa da tsofaffin gwiwoyinsa.

"Alhaji, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya ba ka dangana."

"Amin, Malam. Na ji kai ma an yi maka ɓarna. Allah ya mayar da alheri." Ya matsa ya ba Baba wuri a kan tabarmarsa. Sannan ya hango ni a rakuɓe. "Malama, kin zo? Ya Murna?"

Sau ɗaya na ambaci sunanta a gabansa, a mota. Na buɗe baki in amsa, kuka ya ƙwace mini. Shi mai makokin shi ya koma ba ni haƙuri. "Haba Malama. Ki riƙe ta da kyau in kin koma. Ki sa ta yi karatu. Nasiru ma malanta yake so."

Zangon ya ƙare gab da faɗuwar damina, dole mu fita kafin hanya ta yanke. Yarana sun iya ƙidaya, sun iya tarawa da ɗebewa, Zenaba har ta fara koya wa na bayanta. Ni kuma na iya Larabcin da zan yi ciniki in yi faɗa. Ranar tafiya iyaye suka cika mini jaka da gyaɗa da riɗi. Zenaba ba ta zo kusa ba, ta hau kan wani dutse da goyonta, na yi mata hannu ta juya mini baya. Har yau in na ga yarinya da goyo a bakin makaranta sai na rage tafiya.

Ban sake komawa ƙauyen ba. Baba Ishaya kuma ban sake ganinsa ba, don da motar ta iso na ga jakata kaɗai aka fito da ita.

"Baba, ina kayanka?"

"Suna ɗaki."

"Mota ba za ta jira ba."

"Na sani, 'yata. Na yi magana da Fasto, na kuma yi da Ubangiji. In na koma, gidan wa zan sauka? In zauna a falon ɗana a Legas ina kallon talabijin har mutuwa ta zo? Nan kuwa in na makara da safe akwai masu zuwa su buga mini ƙofa."

"Me zan ce wa jama'a a gida?"

"Ki ce su aiko da alli. Wannan karon a bi ta gada."

Na durƙusa, ya dafa kaina ya yi mini addu'a, ya ambaci Habila da Murna da mahaifiyata, ya ambaci Hajiya Binta da bai taɓa gani ba. Yaran mota suka ja ni sama kan buhuna. Ina jiran ya tsaya ya ɗaga mini hannu har mu ɓace. Sai na ga ya ɗaga kai ya dubi rana, ya tafa hannu sau biyu, ya juya ya nufi makaranta yana ɗingishi, yaran suka bi bayansa da gudu.